Akwatin Injinku Ya Zama Makarar Garinmu

Zuwa ga mai girma Darekta na kamfanin gwanjon kaya ta intanet da ke Yamai,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ku da iyalinku da ma'aikatanku baki ɗaya. Ina yi muku barka da salla, da fatan Allah ya maimaita mana.

Ranka ya daɗe, sunana Habu. Mutanen garinmu na ce mini Mushe Habu, wato Malam Habu, saboda na yi shekara tara ina koya wa manya karatu a ajin yaƙi da jahilci, ba don na taɓa cin albashin gwamnati ba. Ina zaune a wani ƙauye cikin komin ɗin Kanambakashe, wato ƙaramar hukumarmu, tsakanin Mayahi da Tasawa. Shekaruna hamsin da uku, ni manomi ne, kuma mutum goma sha ɗaya ke ci daga rumbuna. Ni ne wanda ya ci gwanjon kaya mai lamba 217 a dandalinku, wato injin niƙa mai amfani da gazuwal, wato man dizal, haɗe da kan niƙansa, a kan jika ɗari huɗu da sittin da biyar, kowace jika kuwa sefa dubu ce.

Na rubuto muku a fili ne don na gaji da rubutu a ɓoye. Sau huɗu ina aika saƙo ta tarho, na kira har kuɗin kirana ya ƙare, ban taɓa samun wanda zai ce mini shi ne mai yanke magana ba. Ban ambaci sunan kamfaninku a nan ba, domin kuɗina nake nema, ba tozarta ku ba. Kun san kanku, kun kuma san lambar kayan. Ina roƙo ku daure ku karanta har ƙarshe, domin gonar da ubana ya bar mini tana rataye da amsarku, kuma lokaci ya ƙure mini.

Na ɗaya: inda kuɗin ya fito.

Garinmu ba shi da injin niƙa. Matanmu ko dai su yini a kan turmi, ko su tara hatsi a ɗora a amalanke a kai garin gaba, a ɓata yini guda. Ni kuma duk rani nakan tafi ci-rani kudu, in yi dako ko aikin gini, in dawo da abin da zai kai mu damina. Shekara biyu ke nan gwiwata ta ƙi. Sai na ce bari in kafa inji a ƙofar gida, in ci abinci a zaune, mata su huta, ni ma in huta da kwanan tasha.

Ba ni da jika ɗari biyar a ajiye, wa ke da su a ƙauye? Sai na jinginar da gonata ga Alhaji Idi, wani ɗan kasuwar garinmu, a gaban maigari da shaidu biyu. Watakila a Yamai ba ku san yadda jingina take ba, bari in fayyace muku. Ya ba ni kuɗi, gona ta shiga hannunsa. In na mayar masa da kuɗinsa kafin iri ya shiga ƙasa, gonata ta dawo. In ruwan shuka ya sauka ya shuka, to amfanin bana nasa ne, haka baɗi, haka baɗin baɗaɗa, har ranar da na biya. Wanda kuwa ba shi da gona, daga ina zai samo abin fansarta? Na ga gonaki uku a garin nan da suka shiga jingina tun ina saurayi, har yau jikokin masu su leƙensu kawai suke yi daga kan hanya. Na san haka sarai na sa hannu, domin lissafina shi ne injin zai yi aiki wata biyu, in haɗa da abin da zan samu wurin sayar da awakin gida da taimakon ƙanena, in fanshi gonar kafin ruwa.

Na biyu: abin da kuka rubuta da abin da na saya.

A ƙarƙashin hoton injin kun rubuta cewa an yi amfani da shi kaɗan, an gwada shi, yana aiki lafiya. Hotuna shida kuka sa, kore shar yana ƙyalli. Na ajiye su duka a tarhona. An buɗe gwanjon da jika ɗari uku. Na yi wa kaina alkawarin ba zan wuce ɗari huɗu ba, amma wani mai saye da ban san ko wane ne ba ya riƙa ƙara jika biyar-biyar a kaina, ni kuma zuciya ta ɗebe ni, na riƙa bin sa har aka rufe ranar Asabar da la'asar, kwana goma bayan ƙaramar salla. Wannan laifina ne, ban ɗora wa kowa ba. Matata Rabi ta faɗa mini tun a ranar cewa cinikin biri a sama nake yi, na ce mata zamani ne ya zo da haka, ita ba ta gane ba. Yanzu in mun haɗa ido ni ke fara sunkuyar da kai.

Ranar Litinin na hau kabu-kabu zuwa Mayahi, na tura muku kuɗin cif, resi, wato takardar shaidar biya, na hannuna. Ragowar jika talatin da biyar ta tafi a kuɗin mota da siminti da bel da gazuwal.

Na uku: akwatin.

A nan ne nake so ku saurare ni da kyau, domin duk rikicin a nan yake.

Injin ya iso tashar Tasawa, motar kasuwa ta kawo mini shi ranar Alhamis, ranar da kasuwarmu ke ci. A cikin akwatin katako ya zo, katako fari mai kauri, sumul, irin wanda ba a samu a wajenmu ko da kuɗi. Ranka ya daɗe, mu nan ba mu jefar da komai. Kwali yakan zama shimfiɗa, buhu ya zama igiya, gwangwani ya zama mazubi. Itace kuwa ba a magana, mace takan yi tafiyar rabin yini kafin ta haɗa abin dafa tuwo. Da aka ɓalle akwatin a ƙofar gidana rabin garin na tsaye, kuma na lura mazan ba injin suke kallo ba, katakon suke kallo.

Makarar masallacinmu, wadda muke ɗaukar mamatanmu a kai, gara ta cinye ta tun bara. An ɗaure ta da igiya a wuri uku. A jana'izar da ta gabata ƙafarta ɗaya ta karye a hanyar maƙabarta, sai da mutane suka tallabe da hannu, abin da har yau ba ma son tunawa. Liman ya sha yin magana bayan sallar Juma'a, amma ba a samu katako ba. A ranar yana cikin masu kallo. Bai roƙe ni ba, Allah shi ne shaida, shafa katakon kawai ya yi ya ce masha Allah. A al'adarmu kuwa, in Allah ya ba mutum sabon abu, mota ce ko shago ko rijiya, yakan fitar da sadaka kafin ya fara mora, don a sa albarka. Ni ba ni da sauran ko dala a aljihu. Sai na ce a kai katakon masallaci, sadaka ce, a yi makara. Aka yi mini addu'a har na ji kunya. Sahabi kafinta ya kwashe a take, kafin Asabar da yamma ya gama, bai karɓi ko sisi ba.

Ranar Litinin Gwaggo Hajo ta rasu, ƙanwar mahaifina, wadda ta goye ni bayan rasuwar uwata. Ita aka fara ɗauka a kan sabuwar makarar. Ina riƙe da kusurwar gaba ta dama, ina jin yadda katakon bai ko motsa ba, har na gode wa Allah a zuciyata da ya sa ta tafi a kan abin da ya fito daga hannuna. A lokacin ban san akwai wani layi a takardarku da ya shafi wannan katako ba.

Na huɗu: ranar gwaji.

Za ku ce me ya hana ni gwada injin tun ranar da ya zo. Injin niƙa ba rediyo ba ne da za a murɗa a ji. Sai an zuba masa dakalin siminti, an dasa ƙarafan da za a ɗaure shi, an bar simintin ya sha iska, in ba haka ba ya tsattsage. Lawali makanike, wanda ya shekara ashirin yana kafa injuna a ƙasar Tasawa, shi ya zuba dakalin, ya ce a ba shi mako, zai dawo da motar kasuwa. Ya dawo ranar Alhamis, kwana na takwas da isowar kayan.

Na riga na yi shela cewa niƙan ranar farko kyauta ne. Mata suka yi layi da ƙwarya da tasa tun hantsi. Lawali ya ɗaure inji, ya sa bel, ya zuba mai da ruwa, ya tayar. Ya tashi kuwa, aka yi guɗa. Bai kai kwata na awa ba muryarsa ta canza, hayaƙi ya turnuƙe, ruwan ya fara tafasa. Lawali ya kashe shi da sauri, ya zaro ma'aunin mai, sai ga man ya koma fari-fari kamar an dama shi da nono. Ya zagaya bayan injin, ya sa farce ya kankare fenti. A ƙarƙashin koren fentin nan akwai tsaga mai tsawon ɗani guda a jikin injin, an cike ta da danƙon liƙi, an goge, an shafe. Ya ce wannan ba aikin hanya ba ne, ba kuma aikin jiya ba ne, wanda ya liƙe ya san abin da yake ɓoyewa. Tiya uku ta hatsi muka niƙa, ita ma ba ta yi laushi ba. Matan suka ɗauki ƙorensu suka watse ba wadda ta ce uffan, kuma da sun zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ban ce ku kuka liƙe ba. Mai yiwuwa wanda ya kawo muku kayan ne ya rufe ku. Amma ku kuka rubuta an gwada, kuma saboda kalmar nan na saya.

Na biyar: yadda na cika sharaɗinku na kwana goma sha huɗu.

A ranar na kira lambarku. Wata madam ta ɗauka, ta saurare ni cikin ladabi, ta ce ba matsala, in kai kayan magazin ɗinku, wato ɗakin ajiyar kayanku na Maraɗi, kafin kwana goma sha huɗu da isowarsu su cika, za a duba a mayar mini da kuɗina. Ban ji ta ambaci akwati ba, ni ma ban tambaya ba, don bai zo mini a rai ba.

Muka kwance injin, muka naɗe shi da tabarmi biyu da buhuna, muka ɗaure da igiya. Motar kasuwa ta riga ta tafi, sai wata Alhamis, ita kuwa ta faɗa bayan wa'adinku. Sai na ari amalanke da sa, muka kama hanyar Tasawa cikin rairayi a zafin bazara, ni da maƙwabcina, muna tafe muna turawa inda ƙafa ta nutse. Daga Tasawa na yi shatar gurbi a bayan kamiyo, babbar motar kaya. Ranar Litinin, kwana na goma sha biyu, ina ƙofar magazin ɗinku kafin a buɗe.

Mai tsaron magazin ɗin ya leƙa bayan motar, tambayarsa ta farko ita ce ina akwatin. Na ba shi labari kamar yadda na ba ku. Ya buɗe tarhonsa, ya gangara can ƙasan shafinku, inda sai an danna sau biyu kafin rubutun ya fito, ya nuna mini layi ɗaya da Faransanci: ba a karɓar kaya sai cikin « emballage d'origine », wato mazubinsa na asali, mai ɗauke da lambar gwanjo. Ya ce lambar da ke jikin akwatin ita ce shaidar cewa kayan naku ne, ba tare da ita ba na'urarsu ba ta buɗe takardar mayarwa, ko sauke injin ba shi da izinin yi. Ba zan zalunce shi ba, yaron kirki ne a maganarsa, ya ba ni ruwa, ya kira Yamai a gabana sau biyu, aka maimaita masa abu ɗaya. Da na matsa, ya rubuta ranar da na zo a bayan resina ya buga hatimi. Ya ce iyakar ƙarfinsa ke nan, shi ma ɗan aike ne.

Na yarda ban karanta layin nan ba. Na yi lakwal, wato makarantar boko, ina jin Faransanci daidai gwargwado, da na gan shi da na fahimta. Amma ku gaya mini tsakani da Allah, mutum nawa cikin masu saye a wurinku suka taɓa gangarawa can? In sharaɗin nan yana da nauyin da zai cinye wa mutum jika ɗari huɗu da sittin da biyar, me ya hana a rubuta shi da manyan baƙaƙe a jikin akwatin kansa, inda aka sami wurin rubuta lamba?

Na shida: abin da na yi don in gamsar da ku.

Na dawo da injin Tasawa, na ajiye a rumfar Lawali, yana nan har yau cikin tabarminsa. Na koma gida na tarar da Sahabi, ya ce lambar na nan, ya juya katakon da ke ɗauke da ita ta ƙasa don kada rubutu ya kasance inda ake kwantar da mamaci. Na nemi izinin liman, muka kife makarar a harabar masallaci, na ɗauki hoto: ga 217 ɓaro-ɓaro, ga tambarinku a gefe. Na aika muku. Amsar da ta zo ita ce hoto ba ya wadatarwa.

Na ce to, Sahabi zai ƙera sabon akwati daidai da na farko, ni zan nemo kuɗin katako ko daga ina. Aka ce ba na asali ba ne.

Na ce ku duba lambar da aka buga a jikin ƙarfen injin, tana nan a hoto na huɗu cikin hotunan da ku da kanku kuka sa a gwanjo, ku gwada da wadda ke jikin injin da ke hannuna. Ba a ba ni amsar wannan ba sam.

Daga nan na yi abin da nake jin kunyar rubutawa, amma tunda na ce zan faɗi gaskiya bari in faɗa. Na je wurin liman na tambaye shi ko zan iya yanke katako ɗayan nan mai lamba, in sa wani a madadinsa. Tun daga Gwaggo zuwa ranar, an ɗauki mutum uku a kai, har da jaririn maƙwabcina, shi wanda ya taya ni tura amalanke. Liman dattijo ne mai sanyin hali. Bai yi mini wa'azi ba, bai ce haramun ba. Ya ce shi bai taɓa ganin an dawo an karɓi sadaka ba, amma ya san halin da nake ciki, kuma ba zai tsaya tsakanin mutum da gonar ubansa ba. Ya miƙo mini mabuɗin ɗakin da ake ajiye ta, ya tafi gida. Na shiga da zarton Sahabi bayan azahar. Na daɗe a tsaye. Wallahi hannuna ya ƙi. Na kulle ɗakin na mayar da mabuɗi, na ce masa na fasa.

Kwana biyu bayan haka na sake samun madam ɗin a tarho, na tambaye ta, da na yanko katakon da an karɓa? Ta ce a'a, akwatin ake so cikakke. Ashe da na aikata, da na yi biyu babu, ga abin kunya a gari ga hasara. Har na tambayi wani direba a tashar Tasawa, rabi wasa rabi gaske, ko zai ɗaukar mini makara zuwa Maraɗi in nuna wa masu kaya. Ya dube ni ya ce in nemi tsari, ba a motarsa ba, fasinja ma ba za su shiga ba.

Mako uku kuna amsa mini da cewa ana duba takarduna. Ranar Laraba ta makon jiya saƙo ya shigo cewa an rufe maganar, saboda kwana goma sha huɗu sun wuce ba a dawo da kaya ba. Ranka ya daɗe, hatimin magazin ɗinku na bayan resina, da kwanan wata, da hannun ma'aikacinku. Kaya sun zo ƙofarku a kan lokaci, ku kuka hana a sauke.

Na bakwai: inda nake tsaye yau.

Gaba kura, baya sayaki. In na bar Lawali ya buɗe injin ya gwada gyara, za ku ce an taɓa kaya, hakkina ya faɗi, shi kuma ya ce sai an canza jikin gaba ɗaya, kuɗin ya haura jika ɗari biyu, ba ni da su. In na sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe, jika sittin suka taya, kuma daga ranar ba ni da abin da zan nuna muku. Na nemi shawarar wani masanin doka a Mayahi, ya ce ina da magana mai ƙarfi, amma sai an kai ƙara inda kamfanin yake, a ɗauki lauya, a yi watanni ana zuwa ana dawowa. Injin na Tasawa, akwatin na masallaci, kuɗin na Yamai, ni kuma ina nan zaune kusa da dakalin siminti da ƙarafa huɗu a tsaye, awakin gari na hawa suna sauka.

A kasuwar dabbobinmu, in ka sayi sa ka kai gida ka tarar yana da ciwon da aka ɓoye maka, kana dawo da shi wurin dillali, a kira mai shi, a warware ciniki. Ban taɓa jin an ce sai ka zo da igiyar da aka ja shi da ita ba. Mutanen da ba su taɓa shiga lakwal ba ke nan, ba su da na'ura, ba su da shafi. Ku da kuke da duka, yaya za a ce katako ya fi ƙarfen da ke cikinsa daraja?

Alhaji Idi bai cuce ni ba, kada wani ya karanta wannan ya zarge shi. Mutane da yawa sun riga sun yi binne, wato sun zuba iri a busasshiyar ƙasa suna jiran ruwa ya same shi a ciki. Shi ma yana da ikon yin haka a gonata tun makonni uku da suka wuce, maganar ta ƙare. Ya ce ba zai yi ba, zai jira ni har ruwan shuka na farko, amma in ƙasa ta jiƙa ba zai bar gona ta kwana ba shuka ba, shi ma kuɗinsa ne a ciki. Ban ga laifinsa ba. Na sayar da awakin, ƙanena ya turo abin da ya iya, cikon jika talatin da biyar ɗin na hannuna a ƙulle. Naku kaɗai nake jira.

Saboda haka ina roƙonku abu uku.

Ku ba magazin ɗinku na Maraɗi umarni a rubuce su karɓi kaya mai lamba 217 ba tare da akwati ba, su tabbatar da shi ta lambar da ke jikin ƙarfe. Zan sake kawo shi da kuɗina, ba na neman ku biya ni kuɗin mota ko na siminti ko wahalar hanya. In kuma dole sai an ga akwatin da ido, ku turo mutum, zan tarbe shi a tashar Tasawa, in kai shi masallacinmu, mu kife makarar ya karanta lambarku da kansa.

Ku mayar mini da jika ɗari huɗu da sittin da biyar ta hanyar da na turo muku, a cikin makon nan. In kuna ganin katakon naku ne, ku cire kuɗinsa, ku faɗi nawa ne, na yarda. Ladan sadakar ma in kuna so mu raba, ban hana ba.

Ku rubuta sharaɗin nan a jikin kowane akwati da Hausa da Faransanci, da baƙaƙen da mai raunin ido zai gani. Duk akwatin da kuka aiko ƙasar nan, kafin rana ta faɗi ya zama ƙofa ko benci ko abin da ya fi su, kuma ba ni ne na ƙarshe da zai faɗa wannan rami ba.

Ranka ya daɗe, an yi ruwa a kudancin Tasawa shekaranjiya. Jiya da la'asar hadari ya haɗu a gabas, iska ta taso da ƙanshin ƙasa, maza suka fito da sungumi suna gyara ƙota, yara na tsalle. Ni na shiga ɗaki na zauna har hadarin ya watse, kuma da ya watse na ji sanyi a raina. Ni manomi ɗan manomi, wanda tun yana goye ake koya masa murna da gajimare. Yau da safe aka fita roƙon ruwa bayan gari, na bi jama'a don ba yadda zan yi in zauna. Liman na addu'a, gari duka na cewa amin, maƙwabcina a gefena yana hawaye don rumbunsa ya ƙare tun azumi. Na ɗaga hannu tare da su, amma bakina ya kasa furtawa. Ban roƙi kada a yi ruwa ba, Allah ya kiyaye ni da wannan, sai dai ban iya roƙon a yi ba. A cikin duk abin da cinikin nan ya jawo mini, wannan ya fi ci mini rai, kuma ku kaɗai ke da ikon cire ni daga cikinsa da layi ɗaya na rubutu.

Ina roƙon Allah ya ƙara wa kasuwarku albarka, ya tsare ku daga cin haƙƙin wani da sani ko da kuskure, ya raya muku zuri'a, ya sa kada ku taɓa tsayawa inda na tsaya yau da safe. Allah ya ba mu damina mai albarka, mu da ku. Na iya rubuta wannan a takarda, ina fata ku ba ni damar faɗinsa da baki tare da mutanen garinmu kafin ruwan ya sauka.

Wassalam.

Naku cikin girmamawa,
Habu, mai kaya lamba 217,
daga komin ɗin Kanambakashe.